Gidan kallon da ya kwana da mu ranar da Eagles suka yi wa Chiefs dukan kawo wuƙa

Mutum uku ne suka tare ni a kasuwa wai a ina na kalli wasan nan na Amurka da nake ta damun mutane da zancensa, har ɗaya yana rantsuwa wai ƙarya nake, babu gidan kallon da zai buɗe ƙarfe ɗayan dare a Kano saboda wasan da ba na Firimiya ba. To ga bayanin wurin, da abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai. Sunan gidan kam ba zan faɗa ba, don akwai inda zan ɗan taɓa mai shi, kuma mutumin kirki ne bana son a je ana yi masa tsiya a kaina. Abin da zan ce kawai yana cikin wani layi ne a bayan titin Zoo Road, rumfar kwano ce mai ƙofar ƙarfe, ga allon alli a bakin ƙofa inda ake rubuta wasannin mako, duk wanda ke kallon Arsenal ko Madrid a yankin ya san irinsu.

Ni wannan ƙwallon ta zari-ruga irin ta Amurkawa ƙanina ne ya shafa min ita, shi ma a wayarsa ya fara ganin gutsattsarin bidiyo yana nuna min, tun ina cewa wannan ai dambe ne aka sa wa hular kwano har na zo na fara gane kanta. Na zaɓi Philadelphia Eagles ne ba don wani dogon ilimi ba, sunansu ya yi kama da na Super Eagles kuma koren kaya suke sakawa, shikenan dalilina. Da suka kai wasan ƙarshe wato Super Bowl, wanda aka buga daren Lahadi 9 ga Fabrairu 2025 a birnin New Orleans, sai muka lissafa muka ga ƙarfe 5:30 na yammar New Orleans ya kama 12:30 na daren mu, an shiga Litinin kenan. A gida ba zai yiwu ba, ba mu da tashar, ga yara na barci, ga data ta yi tsada, kuma kowa ya san yadda kallo a waya yake, ana tsakiyar abu hoto zai tsaya yana juya maka wannan ɗan zoben.

Sai ƙanin nawa ya ce bari ya yi wa mai gidan kallon da suke zuwa magana. Ranar Alhamis muka je tare, na ce masa Oga akwai wata alfarma, ya ce Yallaɓai faɗi mana, da na gama bayani sai ya yi shiru ya ɗauko rimot ya lalubo tashar ESPN a DStv ɗinsa ya ce wannan ce? muka ce ita ce. Ya ce shi dai bai taɓa haska wannan abu ba, amma in za mu kai mutum goma kowa ya ba da dubu ɗaya saboda mai da kuma kwanan zaune, zai buɗe. Abu na farko da zan yaba masa kenan, bai yi mana dariya ba, domin kafin shi ƙanina ya gwada wani wurin a Gyaɗi-Gyaɗi aka ce masa ya je ya kalli abinsa a Amurka.

Na biyu kuma wanda ni ban ma yi tunaninsa ba, ashe tun ranar Asabar ya je ya sanar da mai unguwa da 'yan sintiri cewa zai yi baƙi har asuba. Don haka da suka zo wucewa wajen ƙarfe ɗaya da fitilunsu da gorarsu babu wata hayaniya, sallama kawai suka yi, ɗaya ma ya leƙo ya tsaya minti biyar yana kallo sannan ya ce wai su waɗannan me ya yi zafi haka, ya wuce. Baburanmu kuma cikin gidan aka shigar da su aka ja ƙofa. Wanda ya san abin da ake ciki a gari na ƙwacen waya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni da a ce a waje za a bar babur ɗin da ban zauna ba.

Mu goma sha huɗu muka taru. Akwai ɗaliban BUK guda biyar, da wani malami mai furfura kaɗan wanda ya yi karatu a Amurka, da wani Inyamuri ɗan Sabon Gari mai sayar da kayan gyaran mota wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, sauran kuma 'yan unguwa ne da suka ji ana buɗe gidan kallo da dare suka ce ko me ake haskawa sai sun gani. Shi ɗan Sabon Garin abokan karawarmu Kansas City Chiefs yake yi, kuma da dalilinsa, ya ce tun zamanin Christian Okoye, haifaffen Inugu da ya buga wa Kansas City daga 1987 zuwa 1992, gidansu suke son ƙungiyar. Ni kuma na ce masa ai mu ma muna da namu, Moro Ojomo da ke cikin masu tsaron gaba na Eagles a Legas aka haife shi. Haka muka fara musu tun ba a take wasa ba.

Talabijin ɗin dai sai hamdala. Babba ce guda ɗaya a gaba, ya ce inci 65 ce, da ƙanana biyu a gefe waɗanda bai kunna ba saboda mai. Hoto tangaran, har lambar da ke bayan rigar ɗan wasa kana karantawa daga benci na huɗu. Kuma a wannan daren na gane cewa wannan wasan ba na ƙaramin allo ba ne sam. A waya ƙwallon kawai idonka ke bi, amma a babbar talabijin malamin nan ya ce mana ku daina kallon ƙwallo, ku kalli ƙartin nan da ke durƙushe a gaba suna fuskantar juna, a nan ake cin wasa. Wallahi haka aka yi. Mutum huɗu kacal Eagles ke turawa su kamo Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallon Chiefs, sauran bakwai duk suna baya sun toshe hanyoyi, amma huɗun nan sai su keta mutum biyar kamar an yaga tsohon buhu. Sau shida suka kayar da shi kafin ya jefa. Josh Sweat da Milton Williams su ne suka fi addabarsa, kana ganin bawan Allah yana waige-waige kamar wanda ya shiga Kwari da kuɗin mutane a aljihu. Malam ya ce wannan tsarin na wani dattijo ne Vic Fangio, kocin masu tsaron Eagles, shi ba ya son aika ƙarin mutane gaba in huɗun sun wadatar.

Ga wanda bai san kan wasan ba, yadda malam ya yi wa 'yan unguwa bayani shi ne mafi sauƙi. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, in ka ci a sake ba ka wasu huɗun, in ka kai ƙwallon can ƙarshen fili maki 6 ne, su suna ce masa tachdawun, sai a ƙara maka ɗaya in ka buga ta tsakanin turakun nan masu kama da baka. In ka kasa kaiwa kuma ka yi kusa, sai ka buga da ƙafa ka karɓi maki 3. Wani yaro ya ce to don me ake ce mata ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake yi, malam ya ce wannan tambayar ka kai wa Amurkawa ɗana, ni ma shekara huɗu na yi a can ban samu amsa ba.

Makin farko ya zo ne ta wannan dabarar da Eagles suka yi suna a kanta, saura yadi ɗaya, sai Jalen Hurts mai jefa ƙwallon Eagles ya rungume ta ya sunkuya, 'yan uwansa suka dafa bayansa suka tura shi ya faɗa ciki. Mai shayin da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce au, wannan ai turin mota ne, kuma daga nan har aka tashi sunan da muke kiran abin kenan. Bari ma in yi maganar mai shayin tunda ya shigo zance. Ba ma'aikacin gidan ba ne, teburinsa na bakin layi, amma mai gidan kallo ya roƙe shi ya kwana, kuma shi ne rabin daɗin daren. Shayi mai kauri da citta da kanumfari, indomi da ƙwai biyu da attaruhu, burodi mai yanka-yanka, yana kawo maka har benci ba sai ka tashi ba, kuɗinsa kuma daidai da na rana bai ƙara ko sisi ba don dare ne. Sanyin Fabrairu na ƙarfe biyun dare a ƙarƙashin kwano ba wasa ba ne, iska na shigowa ta tsakanin bango da rufi, ni da na zo da rigar sanyi ɗaya sai da na sha kofi uku.

To yanzu benci. Jama'a, bencin gidan nan an yi shi ne don minti 90. Katako ne zalla babu majingina, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, wasu ma suna rawa in mutum ya motsa. A wasan Firimiya ba ka ji saboda rabin lokacin a tsaye kake kana zagin alƙalin wasa, amma wannan wasan da agogonsa ke cewa minti 60, kashi huɗu kowanne minti 15, a zahiri ya fi awa uku da rabi, domin kowane motsi sai an tsaya, a yi talla, a dawo, a sake tsayawa. Kafin a je hutun rabin lokaci ƙuguna ya riƙe. Akwai kujerun roba guda huɗu a gaba da ake ƙara kuɗi a kansu ranar manyan wasanni, ya bar mana su kyauta amma da girma ake rabawa, malam da ɗan Sabon Gari da wasu biyu suka zauna, ni da nake ganin kaina babba ashe ban kai ba. Banɗaki kuma gara kar in yi dogon bayani, babu fitila, babu ruwa a buta sai ka saya na leda, ƙofar da dutse ake tokare ta. Na faɗa masa a gabansa kuma na sake faɗa a nan, Oga wannan bai dace da talabijin mai inci 65 ba.

Murya ma ya rage ta sosai saboda maƙwabta, wanda ban ga laifinsa ba, sai dai ƙarar janareto ta danne ta, ba ma jin masu sharhi ko kaɗan. Da babu malam a wurin da rabin abin ya wuce mu, musamman in alƙalai suka jefa wannan ƙyallen rawaya suka tsaya suna bayani. Shi ne ya zame mana rediyo, kuma shi kuɗinsa ya biya kamar kowa.

Kashi na biyu shi ne inda gidan ya kusa tashi. Eagles na da 10, aka kayar da Mahomes sau biyu a jere, a na uku ya jefa sai wani yaro sabon shiga Cooper DeJean ya tsinke ta a sama ya ruga yadi 38 har gida, kuma ranar ce ya cika shekara 22 da haihuwa. Muka manta da maƙwabta muka manta da mai unguwa, ƙanina ya haye benci, bencin ya tuntsure da mutum uku, mai gidan yana ta ɗaga hannu yana don Allah don Annabi a yi a hankali. Ba a jima ba Zack Baun ya sake cafke wata, A.J. Brown ya ƙara tachdawun, aka tafi hutu 24 da nema. Chiefs fa, ƙungiyar da ta ci wasa 15 cikin 17 a kakar, wadda ta ɗauki kofin 2023 da na 2024 tana neman na uku a jere abin da babu wanda ya taɓa yi a tarihin Super Bowl, yadi 23 kacal suka iya ci a duk rabin farko. Ɗan Sabon Gari ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya ce Alhaji bari kawai, yau ba mu zo ba.

A nan ne kuma abin haushin ya faru. Ana tafiya hutu sai Oga ya kashe janareto. Mun ɗauka don kar a haska waƙe-waƙen da ake yi a tsakiya ne, mawaƙi Kendrick Lamar ne ya yi na shekarar, kuma da yawanmu ba mu damu ba, malam ma ya ce gara haka. Ashe ba shi ba ne, mai ne ya kusa ƙarewa. Bawan Allah ya yi lissafin mai ne da awa biyu irin na ƙwallon da ya sani, duk da ƙanina ya ce ya gaya masa wasan na da tsawo, shi ya ɗauka irin ƙarin lokaci da fenareti ake nufi. Wutar gari kuwa tun magariba ba a kawo ba. Ƙarfe biyu da rabi na dare ina za ka samu fetur a Kano? Gidajen mai na kusa duk a rufe, sai 'yan bumburutu, su ma sun tattara galan ɗinsu sun kwanta. Aka yi karo-karo, kowa ɗari uku ɗari biyar, ɗaya daga cikin 'yan unguwa ya ce ya san gidan wani, suka hau babur da yaron gidan kallon suka tafi buga masa ƙofa. Muna zaune a duhu da fitilun waya, ɗaliban nan suna ta duba sakamako a intanet muna hana su faɗa. Da aka dawo aka tayar da inji har dikoda ta gama lodinta, an riga an koma wasa, maki ya zama 27, bugun ƙafa ɗaya na Jake Elliott mai maki 3 ya wuce mu.

Raina ya ɓaci gaskiya, don dubu ɗaya aka ce kuma an biya, bai kamata a sake dawowa aljihunmu ba. Amma zan faɗi yadda ya ɗauki abin. Bai yi musu ba bai ɗora wa kowa ba, ya tsaya a gaban allo ya ce ku yi haƙuri yayyena laifina ne, kuma da aka tashi ya biya wa kowa kofin shayi ɗaya daga aljihunsa. Bai kai abin da muka tara ba, amma na sha zama a gidajen kallon da inji zai mutu ana tsakiyar wasan Madrid da Barcelona mai gidan ya ce maka in ka ji haushi ka sayi naka.

Allah ya taimake mu mun dawo kafin ƙwallon da ta fi kowacce kyau. Hurts ya ja baya ya saki wata doguwa, yadi 46, ta tafi kamar an ɗaura mata zare ta sauka a hannun DeVonta Smith, 34 da nema. A babbar talabijin kana ganin ƙwallon tana juyawa a iska, wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Na tuna 2023 lokacin da waɗannan Chiefs ɗin suka doke mu 38 da 35 a irin wannan wasa, na ce wa ɗan Sabon Gari ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ya ce ci gaba Alhaji bakinka ne yau. Abin mamaki ma Saquon Barkley, mai ruga wa Eagles da ƙwallo, da duk muka zo kallo, wanda shi ma ranar ce zagayowar haihuwarsa, Chiefs sun tsare shi, yadi 57 kawai ya samu da gudu, duk da hakan ya ishe shi ya karya tarihin Terrell Davis na yawan yadi a kaka guda in an haɗa da wasannin kifa ɗaya ƙwala. Wato sun tattara hankalinsu kan mutum ɗaya sai wuta ta ɓullo musu ta bayan gida. Kocinsu Andy Reid, wanda shi ne ya riƙe Eagles daga 1999 zuwa 2012, kyamara na yawan nuno shi yana kallon takardarsa kamar akwai abin da ya rage a ciki.

Sai da aka kai 40 da 6 sannan Chiefs suka samu tachdawun biyu a ƙarshe lokacin Eagles sun fara cire manyansu, aka tashi 40 da 22, wanda duk wanda ya ga lambar kawai zai ɗauka an yi gumurzu, alhali tun kafin hutu aka yi jana'izar wasan. Xavier Worthy ne kaɗai zan cire wa hula a ɓangarensu, biyu ya ci. Aka ba Hurts gwarzon wasa, aka juye wa koci Nick Sirianni bokitin lemo a ka, kofinsu na biyu kenan bayan na 2018. 'Yan unguwa uku sun yi barci a kan benci tun kashi na uku, ɗaya har da minshari, amma wanda ya samo mana mai idonsa biyu har ƙarshe, yana tambayar malam yaushe za a sake, da aka ce masa sai Satumba za a fara sabuwar kaka ya ce kai, wata bakwai?

Ƙarfe huɗu ta wuce aka gama, kuma Oga bai kore mu ba, ya ce babu wanda zai fita a wannan lokacin, ya shimfiɗa tabarmi biyu a ciki muka kishingiɗa har aka kira assalatu, muka yi sallah a masallacin layin sannan aka buɗe ƙofa kowa ya fito da babur ɗinsa. In za ku je irin wannan kallon a wurinsa ku riƙe bargo da ɗan filo na zama, ku shiga banɗaki tun daga gida, kuma tun da rana a tsaya a kansa a ga galan biyu cike da ido kafin a ba shi kuɗi. Na ce masa in ya gyara banɗakin ya ƙaro kujerun roba ko goma ne, ni zan kawo masa mutum ashirin wasan farko na Satumba, ya ce Yallaɓai kujeru an gama, banɗaki kuma sai ya yi magana da mai filin. Ƙarfe tara na buɗe shago ranar, maƙwabcina yana tambayata ko zazzaɓi nake.